Littafin Aikin Sabunta Haraba

13 ga Janairu

Yau kwamitin sabunta harabar jami'a ya yi zamansa na farko. Ni aka ɗora wa rubuta abin da aka tattauna da bin sawun abin da aka yanke. Wancan rubutun na ofis ne. Wannan littafin kuwa nawa ne, don haka zan riƙa faɗin ra'ayina a cikinsa.

Takardar da ta kafa mu ta lissafa abu uku: gine-gine, filayen da ke tsakaninsu, da zamanmu da maƙwabta. Amma kusan duk zaman ya tafi ne a kan hoton wani sabon gini mai hawa da gilasai da aka haska mana a bango. Kowa ya yaba. Sai can wajen ƙarshe Daraktan Ayyuka ya nemi izini, ya ce wa shugaban kwamiti: "Ranka ya daɗe, kafin mu ɗora sabo, a ba mu dama mu san lafiyar abin da ke tsaye." An amince a duba kowane gini tukuna. Na lura ba kowa ya ji daɗin hakan ba, domin binciken tsohon gini ba abin da ake yanka kyalle a kansa ba ne.

3 ga Fabrairu

Injiniyoyi sun gama da rukunin farko, kuma na bi su wasu wuraren. Abin da ya fi damun su shi ne tsohon ginin kimiyya, inda kankaren ƙasan baranda ke ɓarewa yana faɗowa gutsure-gutsure, rodi ya fito fili ya yi jajir da tsatsa.

Injiniyar da ke jagorantar binciken ta yi mini bayanin yadda abin ke faruwa. Sabon kankare yana da wani kaifin sinadari da ke kare rodin da ke cikinsa daga tsatsa. Shekara da shekaru iskar kabon da ke yawo a sarari tana ratsa shi a hankali daga waje, tana kashe wannan kaifin. Ranar da ta kai ga rodi, in akwai danshi, tsatsa ta samu hanya. Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, sai ta kumbura ta tura kankaren waje har ya tsage. Gwajinsa ba wuya: a fasa ɗan wuri, a fesa wani ruwa mara launi. Inda kankaren ke da sauran lafiya sai ya rine ya koma ruwan hoda, inda ya mutu kuma ya zauna yadda yake. A wasu ginshiƙan ruwan hodar bai fara ba sai bayan an wuce rodi.

Da na tambaye ta ko rushewa za a yi, sai ta ce a'a. A sassaƙe wurin da ya lalace, a kankare tsatsar, a ƙara rodi inda ya sirance, a mayar da sabon kwaɓi, sannan a toshe yoyon rufi wanda shi ne ya jawo danshin tun farko. Ta ce mafi yawan abin da ta gani a harabar nan ba tsufa ba ne, ruwa ne da aka bari: indararo da ya toshe da ganye, bututun da ya fashe aka ɗaure shi da roba.

Akwai wani dalilin kuma na ƙin rushewa. Masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. Ginshiƙin da ke tsaye an riga an biya wannan bashin a kansa. Jami'ar da ke koyar da darasin sauyin yanayi a aji bai kamata ta rushe gini mai gyaruwa don kawai ya daina burge ido ba.

20 ga Fabrairu

Babu cikakkiyar taswirar abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Akwai ta farko, akwai wasu gutsattsari na shekarun baya, kuma ba su yarda da juna ba. An ɗauko na'urar da ke gano bututu da waya daga sama, an kuma gayyato wani tsohon mai gyaran famfo da ya yi ritaya. Inda na'urar ta nuna akwai abu, shi ke faɗin ko mene ne, da ko yana aiki. An sa safiyo yana biye da su yana zanawa.

10 ga Maris

Makon nan na filaye ne. Mai zanen lambu ya hau saman ɗakin karatu ya ɗauki hoton babban fili lokacin da ake sauya lacca. Hanyoyin da aka shimfiɗa da siminti sun kewaye filin ta gefe-gefe, kusan ba kowa a kansu. Ɗalibai kuwa sun yanke ta tsakiya, daga ƙofar ɗakunan kwana kai tsaye zuwa zauren lacca, har ciyawar ta mutu, turba ta fito. An sha kafa allon "a daina bin nan", an sha ɗaura igiya. Turbar tana nan.

Shawararsa ita ce a daina faɗa da ƙafa, a shimfiɗa hanya inda mutane suka riga suka zaɓa. Wani farfesa ya ce wannan saka wa rashin ɗa'a da lada ne. Ni ban gan shi haka ba. Ɗalibin da ke da minti goma tsakanin aji da aji, wanda tafiyar mita 400 ke cinye masa biyar daga ciki, lissafi ya yi. Kuma ba mu muka fara ba. A Cibiyar Fasaha ta Illinois da ke Chicago, da za a gina cibiyar ɗalibai wadda aka buɗe a 2003, mai zanen, Rem Koolhaas, ya sa an bi sawun yadda ɗalibai ke ratsa filin, sannan aka jera lungunan cikin ginin a kan waɗannan layukan. Tun kafin nan, a farkon shekarun 1970, Jami'ar Oregon ta ɗauki tsarin mai zanen gine-gine Christopher Alexander, wanda ya ce a riƙa gyara haraba kaɗan-kaɗan, kuma masu amfani da wuri su kasance cikin masu yanke yadda zai kasance.

Wani abin da hoton ya nuna: duk inda mutane suka taru, akwai inuwa da abin zama, ko da dakalin gini ne. Bencinan da aka jera a tsakiyar rana don su yi kyau a hoto babu wanda ya taɓa su. An yarda a cire su a mayar ƙarƙashin bishiyoyi, a kuma jera wasu suna fuskantar juna, domin ɗalibai a ƙungiya suke karatu.

2 ga Afrilu

Zaman farko da maƙwabta. An so a yi shi a ɗakin taro na majalisa, Daraktan Ayyuka ya nace a yi shi a wata makaranta da ke cikin unguwar, kuma ya yi daidai. Wanda sai ya nuna kati a get kafin ya zo ya faɗi kokensa, rabin maganar a get zai bar ta.

Mun je da allunan zane masu kyau, da jerin abubuwan da muke ganin za mu yi musu: lacca ta jama'a, baje kolin bincike. Ba wanda ya tambayi ko ɗaya. Wani dattijo ya miƙe ya ce: "Malam, mun gode da zuwa. Amma ruwan rufinku ta gidajenmu yake bi." Haka ne kuwa. Duk lokacin da muka ƙara gini ko muka malale fili da kwalta, ruwan da ƙasa ke shanyewa a da sai ya gangara katangar gabas ya fita ta wata kafa ya shiga layinsu. Wata mata ta ce tun da aka toshe ƙaramar ƙofar gabas, 'ya'yanta sai sun zagaye harabar gaba ɗaya ta bakin babban titi kafin su kai makaranta. Matasa suka tambayi filin ƙwallo da ke zaune a kulle duk hutu. Aka kuma roƙi kada tifofin aiki su riƙa bin layin lokacin da yara ke fita.

Da aka dawo, wani daga cikinmu ya kawo shawarar a gina musu nasu ɗan filin wasa a bayan katanga, da ƙofarsa daban, a huta. Sai na tuna abin da ya faru da Jami'ar Columbia a New York. Ta fara gina ɗakin motsa jiki a cikin lambun jama'a na Morningside, aka tsara wa ɗalibai babbar ƙofa ta sama, mutanen unguwar Harlem da ke maƙwabtaka kuma ƙofa daban ta ƙasa zuwa wani ƙaramin sashe. A Afrilun 1968 ɗalibai da mazauna unguwar suka tayar, aka mamaye gine-ginen jami'ar, daga baya aka yi watsi da aikin. Jami'ar tana ganin kyauta ta yi. Mutanen kuma ƙofar suka kalla. Na faɗi haka a zaman, a takaice, kuma an ajiye shawarar.

28 ga Afrilu

Majalisar gudanarwa ta amince da tsarin aiki: magudanai da abin da ke ƙarƙashin ƙasa tukuna, sai rufi da gyaran tsofaffin gine-gine, sai hanyoyi da filaye. An ɗage sabon gini zuwa zango na gaba. Abin da aka fi ja a kansa shi ne kuɗin kula na shekara-shekara. Ma'aji ya ce babu layinsa a kasafi. An ce a duba. Na rubuta "a duba" kamar yadda aka faɗa, na ja layi a ƙarƙashinsa.

19 ga Mayu

An dakatar da aiki a ginin kimiyya. Da kafintoci suka fara cire silin ɗin ɗakin gwaje-gwaje, injiniya ta ga allunan ba su kwanta mata ba, ta aika da samfuri, sakamako ya nuna asbestos ne, wani ma'adini mai zare-zare. An yi amfani da shi sosai a gine-ginen tsakiyar ƙarni na 20 saboda ba ya cin wuta kuma yana da araha. Illarsa a ƙurarsa take. In aka fasa ko aka huda shi, zararrakin da ido ba ya gani su tashi, su shiga huhu su zauna, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekara 20, 30 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk nau'o'insa na haddasa sankara.

Inda allunan ke lafiya kuma aikin ba zai taɓa su ba, an ce a bar kaza cikin gashinta: a yi musu alama, a rubuta a rajista. Inda dole a cire, sai ƙwararru: a rufe ɗakin, a jiƙa allon, a kwance shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba, a naɗe a jaka mai alama. Ɗan kwangila ya yi ƙorafin lokaci. An rubuta sunayen kafintocin da suka fara aikin, aka kai su asibitin jami'a domin a buɗe musu fayil.

16 ga Yuni

Haƙan babbar magudana ya yi nisa. Lissafin da ya sa kwamiti ya yarda da girmanta mai sauƙi ne: ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 1,000, in aka yi ruwan milimita 30, ya zubo lita 30,000 ke nan, a cikin awa ɗaya wani lokacin. Tsarin yanzu shi ne a tare wani kaso a tankuna don ban ruwan shuke-shuke, sauran ya bi ta wani kwari mai ciyawa da aka haƙa a gefen filin gabas, ya tsaya can ya nutse a hankali. Abin da ya yi saura ne kawai zai fita, kuma ta kwalbatin hukuma, ba ta layin mutane ba.

Rigimar makon a kan bishiyoyi ce. Na tarar da direban katafila ya faka a inuwar babbar bishiyar gaban ɗakin karatu, an kuma jibge yashi da bulo a gindinta. Ba wanda ya sare ko reshe, don haka ɗan kwangila bai ga laifi ba. Mai zanen lambu ya yi masa bayani: yawancin saiwoyin bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa nesa da gindi. Nauyin mota yana danne ƙasar, iska da ruwa su kasa shiga, bishiyar ta fara bushewa daga sama bayan shekara biyu ko uku, lokacin da ɗan kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce a auna kaurin gangar bishiya a ninka sau 12, a killace da'ira mai wannan nisan daga gindi. Ganga mai kaurin santimita 50 tana buƙatar mita 6 ta kowane ɓangare. An kafa shingen a ranar, an kuma karkata layin magudanar kaɗan don ya kauce wa saiwa. Hanya ana iya shimfiɗa ta a wata guda, wannan inuwar kuwa ta girmi yawancin malaman da ke wucewa ta ƙarƙashinta.

14 ga Yuli

Hutu ya kama, don haka an tara duk aikin ƙara da ƙura a waɗannan makonnin. An zuba kankaren sabuwar hanyar tsakiya a kan turbar ɗalibai. Samfuran kankaren da aka matse don gwada ƙarfinsu a kwana 7 sun yi kyau, amma hukunci sai na kwana 28.

An sa a fasa gangarar da aka yi wa masu keken guragu a ƙofar zauren lacca. Tudun ƙofar santimita 60 ne. A ƙa'idar 1 cikin 12, wato tsawon santimita 12 ga kowane santimita 1 na tudu, gangarar na buƙatar tsawon mita 7.2, birkila kuwa ya taƙaita ta don kada ta ci wurin fulawa. Wani ɗalibi mai amfani da keke da ke cikin kwamitin ya gwada a gabanmu, ya tsaya a tsakiya, keken na neman komawa baya. Ba a ƙara wata muhawara ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006 ta ɗauki shiga gini a matsayin haƙƙi, kuma shi ɗalibin ya ƙara da abin da zane bai nuna ba: gangara ta kai shi ƙofa, amma banɗakin da zai iya shiga yana wani ginin. An saka shi a jerin aiki.

18 ga Agusta

Zauren lacca ya kusa kammala. An buɗe tagogin sama da aka toshe da katako shekarun baya, iska ta fara ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan. Za a rataya na'urar auna iskar kabon: a waje takan ɗan haura kashi 400 cikin miliyan, in ta wuce 1,000 a cikin aji alama ce iska ba ta isa ba. An liƙa allunan shanye amo a bangon baya, domin a da muryar malami kan dawo ta haɗu da kalmar da ke biye, na baya su ji hayaniya kawai. Samfuran kankaren hanyar tsakiya na kwana 28 kuma sun ci jarrabawa.

22 ga Satumba

Ɗalibai sun dawo. Suna bin sabuwar hanyar, sai dai tuni wata siririyar turba ta fara fitowa daga kusurwarta zuwa wurin shan ruwa. Mai zanen lambu ya ce a bar ta zuwa ƙarshen zango a gani.

An yi ruwa mai ƙarfi a makon jiya, kwarin ciyawa ya cika ya janye kafin washegari, layin maƙwabta bai sha ruwa ba. Dattijon nan ya aiko a gaya wa Darakta ya gani.

An buɗe ƙofar gabas na gwaji, safe da yamma, aka kuma ba matasan unguwa filin ƙwallo a ƙarshen mako. Nan ne aka fara gane cewa gina ƙofa ya fi riƙe ta sauƙi. Sashen tsaro ya ce ba shi da mai gadin da zai ajiye a can. Sashen wasanni ya ce filin nasa ne amma shara ba tasa ba ce. Ranar Asabar ɗin farko yara suka zo suka tarar da kwaɗo, domin mai makullin yana hutu kuma ba a ba kowa ba. Wasu ɗalibai mata kuma sun rubuto cewa ba su saki jiki da baƙin fuska kusa da ɗakunan kwanansu ba, kuma damuwarsu gaskiya ce. Abin da aka yanke: a ƙara fitilu a kan hanyar, a dasa shingen shuke-shuke mai tsayin ƙugu da zai raba ta da ɗakunan kwana ba tare da ya tare gani ba, a kuma kafa ƙaramin kwamitin ƙofa mai wakilan unguwa da ɗalibai da tsaro, jadawalin makulli a rubuce a manne a jikin ƙofar.

Shugaban kwamiti ya kawo misalin Jami'ar Pennsylvania zamanin Judith Rodin, wadda ta shugabance ta daga 1994 zuwa 2004: ta tallafa wa ma'aikata su sayi gidaje a unguwannin yammacin Philadelphia, birnin da jami'ar take, ta kuma haɗa hannu aka buɗe makarantar gwamnati a 2001. Unguwar ta gyaru. Amma kuɗin gidaje ya tashi, har wasu tsofaffin mazauna suka kasa zama, kuma ana sukar jami'ar a kan haka har yau. Mu ba mu kai nan ba, amma na roƙi a sa tambayar haya a zama na gaba da maƙwabta, tun da mun san ƙofar za ta sa ɗalibai su fara neman ɗakuna a layin.

20 ga Oktoba

Matsayin aiki: magudanai sun kammala, rufin gine-ginen rukunin farko ya kammala, ginin kimiyya na jiran takardar gwajin iska kafin a mayar da azuzuwa. Banɗakin zauren lacca an fara. Dashen bishiyoyi an ɗage shi zuwa lokacin ruwa, domin babu wanda aka ɗora wa ban ruwa, kuma mai zanen lambu ya ce ba zai dasa abin da zai mutu a hannunsa ba.

Maganar sabon gini ta dawo. An samu mai son bayar da gudummawa, da sharaɗin a fara a shekara mai zuwa, kuma wurin da aka nuna masa ya haɗa da rabin filin gabas, wato kwarin ruwa da gefen filin ƙwallo. Daraktan Ayyuka ya kawo wani wurin: tsohuwar tashar motoci da ke bayan ofishin mulki, wadda dama kwalta ce, ba za ta ƙara ko lita ɗaya a kan ruwan da ke gangarowa ba. An ce ba ta fuskantar babban titi. Ba a yanke hukunci ba.

Kuɗin kula har yanzu yana kan "a duba". Na sa shi na ɗaya a ajandar 10 ga Nuwamba, wurin sabon gini na biyu, kuma Darakta ya amince a gayyaci wakilan kwamitin ƙofa su zauna a kan batu na biyun.